Amanar Ɗan Aike: Zaɓaɓɓe Tsakanin Kwamiti Da Hukuma

 

Maganar wannan mako ta shafi wata amana ce wadda ba a cika lissafa ta cikin amanoni ba, domin ita ba kuɗi ba ce, ba kuwa kaya ba ce da za a ƙirga a ga ta ragu. Amanar magana ce. Watau ga mutum jama'a sun zaɓe shi, kansila ne ko ciyaman ko ɗan majalisa, sa'an nan aka ɗora masa zama da wani kwamitin ba da shawara na ƙasarsu, ya ji abin da suka ce, ya kai wa hukuma, ya kuma komo musu da amsa. To, wannan mutum bakin wa ne? Bakin kwamiti ne a gaban hukuma, ko kuwa kunnen hukuma ne a cikin kwamiti? In aka ba shi saƙon da ba ya so, ko wanda ya san na sama ba su son ji, yana da ikon ya rage, ko ya sassauta, ko ya bar shi a aljihu?

A inda a ke zaune lafiya wannan tambaya tana iya zama ta hira, gama in saƙo ya ɓace a hanya iyakar abin da za a rasa kwalbati ne ko rijiyar burtsatse. Amma a ƙasar Birnin Gwari, saƙon da ya ɓace ya kan tafi da rayuka.

Halin da ƙasar ta shiga

Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Zamfara da Katsina da Neja. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 6,000, ƙidayar 2006 kuwa ta sami mutum sama da 250,000 a cikinta. An kasa ta mazaɓu 11, daga cikinsu akwai Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi da Kutemeshi da Tabanni. Ashe ke nan, in aka raba daidai, kowane kansila yana ɗauke da bakin mutum fiye da 20,000, waɗanda su ke warwatse a garuruwa da ƙauyuka da tungaye da rugage. Dajin Kamuku, wanda En'e ta keɓe a 1936, Gwamnatin Tarayya kuma ta mai da shi gandun ƙasa a 1999, ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Cikin waɗannan dazuzzuka ne ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka sami maɓoya shekara da shekaru.

Mai karatu ba zai manta da abin da ya auku a Dogon Dawa cikin watan Oktoba na 2012 ba, inda aka kashe mutum sama da 20, wasunsu a bakin masallaci da asuba. Haka kuma Gwaska cikin watan Mayu na 2018, inda aka rasa fiye da mutum 40. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta rufe kasuwannin mako, ta hana hawan babura, sa'an nan daga ƙarshen Satumba aka katse layukan waya a yankin har kusan wata biyu. A wannan shekara ma sai da aka ɗage zaɓen ƙaramar hukuma a Birnin Gwari saboda rashin tsaro. A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka bayyana sulhu da wasu shugabannin 'yan bindiga, aka kuma sake buɗe kasuwar kara wadda ta daɗe a rufe.

A dubi waɗannan watanni biyu da babu waya. Mutumin ƙauye da ya ga baƙin fuskoki a bakin rafi, ko aka aiko wa garinsu da takardar haraji kafin a bar su su yi girbi, ba shi da wata hanyar sanar da hukuma sai bakin wani mutum. In wannan baki mai gaskiya ne, to, kunne ya ji, jiki ya tsira. In kuwa ba mai gaskiya ba ne, babu wata hanya ta biyu.

Inda kwamitoci suka samo asali

A zamanin En'e hanyar magana ɗaya ce: daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa fada. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ikon zartarwa ya ba majalisun ƙananan hukumomi, ya bar wa majalisun sarakuna ba da shawara. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 7, ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma ba a yarda da kantomomi na naɗi a madadin zaɓaɓɓu ba. Ran 19 ga Oktoba na 2024 Jihar Kaduna ta yi zaɓen ciyamomi da kansiloli.

Tsakanin waɗannan hukumomi da talakawa kuwa an yi ta kafa kwamitoci. Akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wanda ya samo asali tun 1984. Akwai kwamitin raya mazaɓa mai lura da asibitocin sha-ka-tafi, da kwamitin kula da makaranta wanda ya haɗa iyaye da malamai da dattawan gari. Jihar Kaduna ta kafa Hukumar Zaman Lafiya a 2017. Ban da waɗannan akwai ƙungiyoyin da mutanen ƙasa suka kafa da kansu, irin su ƙungiyar ci gaban masarautar Birnin Gwari da aka fi sani da BEPU, wadda a shekarun tashin hankali ta riƙa fitar da labarin ƙauyuka ga 'yan jarida.

Abin da ya haɗa kwamitocin ba da shawara shi ne, ba su da baitulmali, ba su da soja, ba su sa hannu a takardar kuɗi. Jarinsu duka magana ce. In maganar ta isa inda a ke yanke hukunci, kwamiti ya yi amfani. In ba ta isa ba, an tara dattawa ne kurum aka ɓata musu yini. Mai kai ta kuwa galibi zaɓaɓɓen nan ne, domin shi ne ke da kujera a majalisa, shi ne kuma ke da gida a mazaɓa.

Abin da magabata suka yi

Musulunci bai zo ya tarad da wannan aiki ya ƙyale shi ba. Akwai sura sukutum mai sunan Shura, aya ta 38 a cikinta ta lissafa shawara tsakanin muminai tare da salla da ciyarwa. Aya ta 159 ta Ali Imrana kuwa ta umurci Annabi kansa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya riƙa shawara da sahabbansa. Ibnu Aɗiyya, malamin tafsirin nan na Andalus, ya tafi a kan cewa shugaban da ba ya shawara da masu ilmi da addini ya cancanci a tuɓe shi. Amma fa shawara da mutum dubbai ba ta yiwuwa sai da 'yan tsakani, kuma tarihin Annabi ya nuna yadda a ke yi da su.

A mubaya'ar Aƙaba ta biyu, a shekarar 622 ta Miladiyya, mutanen Madina maza 73 da mata 2 suka sadu da Annabi da dare. Ya nemi su fitar da mutum 12 daga cikinsu waɗanda za su zama wakilan jama'arsu, a ke ce musu naƙibai. Suka fitar da 9 daga Hazraju, 3 daga Ausu. A lura, su ne suka fitar da su, ba naɗo musu su aka yi daga Makka ba.

Abin da ya fi kusa da maganar yau shi ne wanda ya faru bayan yaƙin Hunainu, a shekara ta 8 bayan Hijira. Mutanen Hawazin suka zo suna roƙo a mayar musu da iyalinsu da aka kama, alhali an riga an raba su ga mayaƙa. Annabi ya tsaya ya roƙi Musulmi su mayar, taro ya amsa da murya ɗaya cewa an yarda. Wani shugaba da sai ya ce magana ta ƙare. Amma Annabi bai karɓi amsar taro ba, domin a cikin hayaniya ba a rarrabe wanda ya yarda da wanda kunya ta rufe wa baki. Sai ya ce kowa ya koma, shugabannin ƙungiyoyinsu, waɗanda a ke kira arifai, su ji ta bakinsu su kawo. Arifai suka zaga, suka tambaya, suka komo da labarin cewa lalle an yarda. Imamu Buhari ya kawo wannan labari, malamai kuwa suka kafa hujja da shi a kan halaccin naɗa irin waɗannan wakilai.

To, aikin arifi a nan mene ne? Ba a aike shi don ya lallashi mutane su yarda ba, ba a kuma aike shi don ya kawo ra'ayin kansa ba. An aike shi ya gano abin da ke zukatan mutanensa, ya kawo shi yadda ya ke. Da wani arifi ya tarad da mutum uku ba su yarda ba, ya komo ya ce duk sun yarda don ya faranta wa Annabi rai, da ya ci amana ta fuska biyu: ya zalunci mutum uku, ya kuma sa shugaba ya yi hukunci bisa ƙarya.

Hanyoyin da saƙo ke lalacewa

A ɗauki misali, ba da wani takamaiman mutum ba. Kwamiti ya zauna a zauren dagaci. Aka ce asibitin gari wata huɗu ke nan babu ma'aikaci mai kwana, mata masu naƙuda sai a ɗora su bisa babur a bi hanyar da kowa ke tsoro. Aka ce gonakin da ke bayan rafi ba su nomuwa. Wani tsoho kuma ya ce, cikin 'yan sa-kai akwai yaran da suka fara wuce gona da iri, suna kama mutane a kasuwa don kurum an ga kamanninsu. Kansila ya ji duka, ya hau mota ya nufi hedikwata.

Hanya ta farko da zai lalata saƙon ita ce ragewa. Ya faɗi maganar asibiti, domin ba ta ɓata wa kowa rai, ya haɗiye maganar 'yan sa-kai, domin iyayen yaran nan su ne suka zaɓe shi. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, amma ya ɓoye shaida, aya ta 283 ta Baƙara kuwa ta jingina zunubin ɓoye shaida ga zuciyar mai ɓoyewa. Watanni kaɗan in ramuwar gayya ta faɗo wa garin, hukuma za ta ce ba wanda ya gaya mata, kuma gaskiya ta faɗa.

Hanya ta biyu ita ce ƙarawa. Yana da ɗan kwangilar da ya ke so a ba gyaran wata hanya, sai ya ce ai kwamiti ne ya nace a kan wannan hanya, alhali ba wanda ya ambace ta. Ya ari bakin dattawa ya ci albasa da shi. Wannan ya fi na farko muni, gama ya haɗa ƙarya da satar mutuncin waɗanda suka amince masa.

Hanya ta uku ita ce rashin komowa, ita ce kuwa ta fi yawa, kuma ita ce mutane ba su ɗauka laifi ba. An kai saƙo, majalisa ta ce babu kuɗi bana, kansila ya ji nauyin faɗin haka, sai ya daina halartar zaman kwamiti. Dattawa su jira wata ɗaya, su jira biyu, daga nan su daina taruwa. Ranar da hukuma za ta bukaci jin abin da ke faruwa a wannan yanki, sai ta tarar babu kwamitin da za a tambaya. Aike tafiya biyu ce, zuwa da komowa. “An ƙi” ma amsa ce, kuma mutanen da aka gaya wa gaskiya cewa an ƙi su kan nemi wata dabara tun da sauran lokaci. Waɗanda aka bari cikin jira su ne su kan makara.

Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da mayar da amanoni ga masu su, sa'an nan nan take ta bi da umurnin yin hukunci da adalci. Malaman tafsiri da yawa sun ce da shugabanni a ke. Jeren kuwa abin lura ne, domin ciyaman ko gwamna ba shi da yadda zai yi hukuncin adalci bisa labarin da aka yi wa kaciya a hanya.

Wata hujja mai ƙarfi

Wani zai ce: ai wannan magana ta mai da zaɓaɓɓe masinja. Shi dubban mutane suka jefa wa ƙuri'a, 'yan kwamiti kuwa ba wanda ya zaɓe su. Sau da yawa ma hakimi ne ko wani mai kuɗi ya cusa mutanensa. Don me wanda jama'a suka zaɓa zai ɗauki maganar waɗanda ba a zaɓa ba ya kai, ko da ya ga kuskure ce?

Wannan hujja tana da gaskiya a cikinta, ba a kuwa kawar da ita da tsawa. Amsarta ita ce, kai saƙo daban, bin saƙo daban. Zaɓaɓɓe riga biyu ya ke sanye da su. Da rigar ɗan aike zai tsaya gaban majalisa ya ce: kwamiti ya ce kaza da kaza, ga dalilansu, mutum nawa suka goyi baya, mutum nawa suka saɓa. Sa'an nan da rigar wakilin jama'a ya ce: amma ni ra'ayina kaza ne. In an zo jefa ƙuri'a ya jefa inda ya ga gaskiya, ba wanda zai zarge shi. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya cuɗa rigunan biyu, ya faɗi ra'ayinsa da sunan kwamiti, ko ya danne na kwamiti don nasa ya wuce. Kuma in ya komo, wajibi ne ya gaya wa kwamiti cewa ya kai maganarsu amma shi bai goyi bayanta ba. Wannan yana da ɗaci, amma ya fi a ji daga bakin wani.

Game da cewa kwamiti ba ya wakiltar kowa, labarin Hawazin ya riga ya ba da magani. Amsar waɗanda suka halarta ba ita ce amsar gari ba. Ƙasar Birnin Gwari ta Hausawa ce da Gwarawa da Kamukawa da Fulani, akwai Musulmi akwai Kirista. Akwai matan da aka kashe wa maza, waɗanda ba su zama a zaure. Akwai Bafulatanin ruga wanda ɓarayi suka kore wa shanu, ya kuma ji tsoron shigowa gari kada a ce da shi ɓarawo. Akwai waɗanda suka yi gudun hijira suna zaune a gidajen dangi. Daga cikin amanar ɗan aike har da ya ce wa majalisa: wannan maganar waɗanda suka zo ce, su wane da su wane ba a ji ta bakinsu ba. In ya fi haka himma, ya taka ya same su. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, amma gida mai ɗaki goma ba a tambayar mai ɗaki ɗaya a ce an ji ta bakin gida.

Maganar sulhu

Babu inda wannan amana ta fi nauyi kamar a maganar sulhu da 'yan bindiga. Mutanen kirki sun saɓa a kanta. Wani ya ce, shekara nawa ba a yi noma ba, a bar mutane su sami abin sa wa a baka. Wani ya ce, wanda ya kashe mini ɗa ya shigo kasuwa yana ciniki, ina adalci? Duka biyun suna da abin faɗi, tarihi kuwa ya zo da misalin kowanne.

A yaƙin Handaƙu, shekara ta 5 bayan Hijira, da ƙawanya ta tsananta, Annabi ya yi tunanin ba ƙabilar Gaɗafan sulusin dabinon Madina don su janye. Kafin a ƙulla sai ya kira Sa'adu ɗan Mu'azu shugaban Ausu, da Sa'adu ɗan Ubada shugaban Hazraju, wanda yana cikin naƙiban nan 12. Suka tambaya ko umurnin Allah ne, ko kuwa don tausayinsu a ke so a yi. Da suka ji don tausayinsu ne, suka ce ba su yarda ba, aka kuwa fasa. Shekara ɗaya bayan haka, a Hudaibiyya, aka ƙulla sulhun da ya yi wa sahabbai da yawa nauyi, har Sayyidina Umar ya yi magana, amma daga baya ya zama alheri.

Ashe ke nan Shari'a ba ta ce kullum a yi sulhu ba, ba ta kuma ce kullum a ƙi ba. Abin yana bin maslaha ne, maslaha kuwa ba a gane ta sai an san haƙiƙanin halin da a ke ciki. Abin lura a Handaƙu shi ne, masu dabinon aka tambaya, ta bakin wakilansu, wakilan kuwa ba su ji nauyin faɗin abin da ya saɓa wa shawarar da shugaba ya kawo ba. Saboda haka zaɓaɓɓen da ke zama da kwamitin zaman lafiya, in an cika alkawari a yankinsa ya faɗa, ko da shi mai ƙin sulhu ne. In kuwa an karya, an tare wani manomi, ko an sake aiko da takardar haraji, ya faɗa, ko da ya san a hedikwata labarin nasara a ke son ji. Sulhun da aka gina bisa rahoton “lafiya lau” na ƙarya, shi ne ya kan rushe a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Abin da ba a faɗi

Kada mai karatu ya zaci cika saƙo yana nufin a faɗi kome a ko'ina. A ƙasar da a ke fama da infoma, sunan wanda ya kawo labari yana iya zama takardar mutuwarsa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta zargi masu watsa labarin aminci ko na tsoro barkatai, maimakon su mai da shi ga waɗanda za su iya tantance shi. Aya ta 6 ta Hujurati kuma ta yi umurni da bincike kafin a yi aiki da labarin wanda ba a amince da shi ba, don kada a cuci bayin Allah cikin jahilci. Saboda haka ɗan aike ya kai ma'anar magana cikakkiya ga wanda ya dace, ya ɓoye sunan mai ita. In zargi ne a kan wani mutum ko wata ruga, ya bayyana a fili ko abin gani aka yi ko ji aka yi, gama tsakanin “an gani” da “an ce” akwai ran mutum.

Asirin hukuma ma amana ne a wuyansa. Abu Lubaba, Allah Ya yarda da shi, da aka aike shi wurin Banu Ƙuraiza, nuni kurum ya yi da hannu zuwa maƙogwaronsa. Amma tun bai bar wurin ba ya gane ya ci amana, ya tafi ya ɗaure kansa a ginshiƙin masallacin Madina har Allah Ya karɓi tubarsa. To, ina ga wanda zai fito daga taron tsaro ya zauna a teburin mai shayi yana ba da labarin ranar da jami'ai za su shiga daji, don a san shi ma babba ne?

Nauyin da ke kan sauran

Ba zaɓaɓɓe kaɗai ke da nauyi ba. Shugaban da ke ɓata fuska duk sa'ad da aka kawo masa labari mara daɗi, shi ne ke koya wa 'yan aikensa ƙarya. Shehu Magili, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ya yi ta maimaita gargaɗi game da sarkin da ke kange kansa daga talakawansa. Ƙofar da ba ta buɗuwa sai ga mai labari mai daɗi, ita ma rufaffiya ce.

'Yan kwamiti su ma su ji tsoron Allah. Hadisi ya sa wanda aka nemi shawararsa cikin masu riƙon amana. Kada su mai da zama wurin neman kuɗin zama, ko wurin rama tsohuwar gaba ta gona da ta sarauta. Ya kamata kuma su rubuta abin da suka tsayar, da boko ko da ajami, a karanta a gaban kowa kafin a watse, a ba ɗan aike kwafi su riƙe kwafi, a kuma sa ranar da zai komo da amsa. Wannan ba rashin yarda ba ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin muminai. Saƙon jama'a bashi ne a wuyan wanda ya karɓa.

Masu zaɓe kuwa, in lokacin ƙuri'a ya zagayo, kafin su tambayi buhu nawa ɗan takara ya raba, su tambayi kansu: sau nawa aka aike shi ya komo? Ya taɓa zuwa ya ce “an ƙi” da bakinsa? Ya taɓa faɗin maganar da ba tasa ba yadda aka ba shi ita? Wanda aka same shi da waɗannan, ko bai gina kome ba, ya riƙe wa mutanensa hanyar da kukansu ke bi ya isa inda a ke ji. Wanda aka rasa su gare shi kuwa, zai tsaya ranar da za a tambayi kowane makiyayi game da abin kiwonsa, kuma a ranar babu saƙon da zai ɓace a hanya.

Allah Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da maƙwabtanta lafiya, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu, Ya ba shugabanni ikon riƙon amana. Allah ne Mafi sani.